Inna Mai Lambu

Ba zan kama sunanta ba, domin mahaifiyar maigidana ce, kuma a gidan da na tashi ba a koya mana kiran sunan suruka ba, ko tana raye ko bayan ranta. Inna muke ce mata a cikin gida. A waje kuwa, duk baƙon da ya shigo layinmu a Unguwar Rimi ya tambayi gidan Inna mai lambu, ko yaro ƙarami ya samu zai kai shi har ƙofar zaure. Allah Ya yi mata rasuwa a hunturun bara, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba, kuma tun daga lokacin nake jin akwai wata shaida da ta rataya a wuyana, domin na zauna da ita gida ɗaya fiye da shekara 25, na ga abin da 'ya'yan cikinta ma ba su gani ba, kasancewarsu maza masu fita nema tun da safe.

A wani ƙauye kusa da Hunƙuyi, cikin ƙasar Zazzau, aka haife ta. Mahaifinta manomin rani ne mai lambu a fadama, ita ce kuma ke kai masa abinci tun ba ta iya ɗaura zane da kyau ba, saboda haka a gindinsa ta koyi yadda ake tayar da fangali, da yadda ake renon iri kafin a yi dashe, da lokacin da ban ruwa ke amfanar shuka da lokacin da yake cutar da ita. Aure ne ya kawo ta Kaduna, a zamanin da masakun Kakuri, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a 1957 lokacin Sardauna, suke janyo samari daga kowace kusurwa ta Arewa. Mijinta, Baba, Allah Ya jiƙansa, a ɗaya daga cikinsu ya yi aiki. Da ya sayi fili ya gina ɗaki uku da zaure a gaba, sai ya bar bayan gidan fayau da niyyar ƙara gini idan hali ya samu. Inna ta roƙe shi ya ba ta aron wurin kafin kuɗin ginin su zo. Ta sha ba mu wannan labari tana dariya, tana cewa ita dai har yanzu ba a zo karɓar kayan aro ba.

A 1998 aka kawo ni gidan. Ni 'yar Tudun Wada ce, a gidan haya na girma, inda ko tukunyar ƙasa babu wurin ajiyewa, kuma abin da na sani game da ganye bai wuce a aike ni Kasuwar Barci in sayo na miya ba. Washegarin budar kai da aka zagaya da ni bayan gida, sai na tsaya ina kallo kamar wadda aka kai wani gari. Zogale ne ya yi wa wurin shinge ta ɓangare biyu, lalle ya tsare ɓangare na uku. Akwai gwanda, da gwaiba, da lemun tsami guda ɗaya da ya girme ni, sannan a tsakiya ga fangali shida na alayyafo, da yakuwa, da rama, da kuɓewa, da gauta, da attarugu. A bakin rijiya, inda ƙasa ba ta bushewa, ta zuba na'a-na'a da ɗoɗɗoya, yadda duk wanda ya zo jan ruwa sai gefen zanensa ya taɓa su ƙamshi ya tashi. Daga baya ta gaya mini da gangan ta yi haka.

Gaskiya ita ce, sha'awar ba ta daɗe ba ta koma jin haushi. Famfo bai cika kawo ruwa ba, idan bazara ta kama kuwa rijiyar takan yi ƙasa har sai an ƙara wa guga igiya, ni ce kuma ƙaramar mace a gidan. Inna ba ta taɓa ce mini in ja mata ruwa ba, amma wace amarya ce za ta zauna a ɗaki tana jin ƙarar guga a hannun uwar mijinta? Haka nake fitowa bayan sallar asuba in yi ta ja har tafin hannuna ya yi kanta, ina ƙunƙuni a zuci cewa ganyen da za a saya da 'yan kuɗi kaɗan shi ne ake kashe mutum a kansa. Wata rana a cikin watan Maris, ina da ƙaramin ciki, zafi ya ishe ni, na gama wankin fararen kayan maigidana da omo da bilic, sai na ɗauki bahon gaba ɗaya na juye shi a kan irin tumatir da take reno a gindin gwaiba, wanda saura kwana kaɗan ta dasa. Ba kuskure na yi ba, na san abin da nake yi. Kafin la'asar ta washegari duk sun yi yaushi sun kwanta.

Na kwana ina jiran abin da zai biyo baya, ina shirya ƙaryar da zan yi idan ta kai ƙarata wurin ɗanta. Da safe ta kira ni, ta ce, "'Yar nan, zo ki tayani wani aiki." Na same ta da fartanya tana haƙa 'yar hanyar ruwa daga wurin wanke-wanke. Ta raba hanyar gida biyu, ɗaya ta nufi lambu, ɗaya ta nufi kwata, ta sa guntun bulo a mararrabar yadda za a iya toshe wadda ake so. Sannan ta ce, "Laifina ne da ban nuna miki ba tun farko. Ruwan alwala, da na wankin shinkafa, da na ɗaurayar kwano, nan za su bi. Na sabulu mai ƙarfi kuwa, ki mayar da bulon nan ya bi can. Kin ga mun rage jan guga ke nan." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan tumatir ba, a ranar ko bayanta, kuma maigidana bai taɓa jin zancen ba sai da na gaya masa da bakina bayan rasuwarta. Da ta zage ni, da na sami abin riƙewa. Da yake ba ta yi ba, kunya ce ta mayar da ni lambun, kafin daga baya so ya riƙe ni a ciki.

Ba ta koyarwa da dogon bayani. Sai dai ta kama hannunka ta tura yatsanka cikin ƙasa, ta ce idan ka ji sanyi a gaɓa ta biyu to a bar ban ruwa sai gobe. A wurinta na koyi cewa kashin kaji ɗanye yana ƙona saiwa, sai an tara shi ya huce an gauraya da ƙasa, alhali na awaki ya fi sauƙin kai. Irin kuɓewa takan jiƙa shi ya kwana kafin ta shuka. Gwanda kuwa uku-uku take sawa a rami, domin ba a gane namiji da mace sai sun yi fure, sannan ta cire mazan ta bar guda ɗaya a lambun duka. Idan ƙwari suka taso wa ganye, takan barbaɗa toka da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, ko ta daka ganyen dogon yaro ta jiƙa ya kwana, ta tace, ta yayyafa da tsintsiya. Ba ta taɓa sayen iri ba sai na abin da ba ta da shi. Kuɓewar da ta fi kyau ita take bari ta bushe a jikin uwarta, ta ɓare, ta cakuɗa da toka, ta zuba a tsofaffin kwalaben magani, ta rubuta sunan kowane iri da ajami a 'yar takarda ta liƙa, domin ba ta yi boko ba amma ta sauke Alƙur'ani tun tana gidan iyayenta.

Hannunta ba ya ganin abu ya bar shi yadda yake. Tsohuwar taya, da gwangwanin madara, da bahon da ya huje, da randar da ta tsage, duk sun zama mazaunin shuka a gidanmu tun kafin a fara koya wa mata noman buhu a rediyo. A lokacin da masaku ke aiki, Baba kan zo mata da ƙyallayen atamfa, ta zauna a keken ɗinkinta na hannu ta harhaɗa su su zama zanen gado, kuma babu jikan da aka haifa a gidan da ba a shimfiɗe shi a kan irin wannan zane ranar suna ba. Ta iya ɗinkin hula irin na matan Zazzau, kuma ina ganin idon da take ɗinki da shi, da shi take tsara lambu. A gaban ɗakinta ta jera fasassun bulo ta fitar da siffar dagi, ta cika kowane gida na dagin da fulawa mai launi daban, waɗanda ta samo reshe-reshe daga wani dattijo mai kula da furanni a wani gida a GRA, ita kuma tana biyansa da garin lalle na matarsa. Na taɓa tambayarta amfanin shuka abin da ba a ci, ta dube ni ta ce, "Ido ba ya jin yunwa ne?"

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda take bayarwa. Na daɗe a gidan kafin in gane cewa lambun hanya ce da ta samo ta taimakon mutane ba tare da ta zubar musu da mutunci ba. Ta san gidan da ba a ɗora tukunya ba, ban san ta yaya ba, wataƙila daga fuskar yaran da ke zuwa ɗiban ruwa. Ba za ta aika da kwano a rufe ba, wanda kowa a layi zai gani ya fahimta. Sai ta aika a ce wa matar gidan, "Inna ta ce don Allah ki zo ki rage mata zogale, ya yi mata yawa zai lalace." Idan matar ta zo, tare za su tsinka suna hira, kuma a lokacin da za ta tafi, a ƙarƙashin ganyen akwai ƙullin tsaki ko ƙuli-ƙuli, wani lokaci har da 'yan kuɗi a naɗe cikin leda. Inna ce za ta raka ta zaure tana yi mata godiya da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji: "Allah Ya yi miki albarka, kin taimake ni." Na ga an yi haka ba sau ɗaya ba, ba sau hamsin ba. Wanda kuma ya zo neman ganye sau uku, a na huɗu sai ta haɗa masa da dashe a gwangwani, ta ce ya je ya gwada, idan ya mutu ya dawo a ba shi wani.

Ɓarayin gwaiba ma ba su tsira daga wannan hali ba. Yaran makarantar allo da ke bayanmu sukan hau katanga, ni kuma in fito da tsintsiya. Sai ta hana ni, ta tuna mini da hadisin da ya zo cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba su ci daga ciki, face an rubuta masa ladan sadaka. Abin da kawai ta yi shi ne ta kira babbansu ta ce su riƙa shigowa ta ƙofa su yi sallama, domin katangar ta tsufa, tana tsoron ta faɗo da wani.

Akwai wata maƙwabciyarmu, mutuniyar Kwoi, Kirista, da muke kira Maman 'yan biyu. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma ta saman katangar nan abubuwa da yawa suka yi ta ƙetarawa: tuwon sallah ya tafi, shinkafar Kirsimeti ta zo. Ita ce ta kawo wa Inna reshen shuwaka da ɗanyar citta daga garinsu, ta nuna mata yadda ake yanka ta gunduwa-gunduwa kowace da idonta, a binne, a rufe da ciyawa. Da rikicin watan Fabrairun 2000 ya ɓarke, mijinta yana tafiya, ita kaɗai ce da yara huɗu. Da dare Inna ta sa ɗanta ya jingina tsani a jikin katanga ta cikin zogale, aka ƙetaro da su ɗaya bayan ɗaya, suka kwana uku a ɗakin da take ajiye iri da kayan aiki, har sojoji suka zo suka fitar da su. Ba na son in tsawaita a kan waɗannan kwanaki. Duk ɗan Kaduna ya san abin da ya biyo baya, yadda kogi ya zama iyaka, Musulmi suka tattaru a arewacinsa, Kiristoci suka koma kudu, unguwannin da aka taso a cakuɗe suka zama na ɓangare ɗaya. Maman 'yan biyu ta koma Narayi, suka sayar da gidan.

Inna ba ta yarda zumuncin ya tsaya a bakin gada ba. Duk shekara idan ta tone cittarta, ta farko sai ta wanke ta ƙulle, ta haɗa da busasshen zogale, ta sa a kai Narayi. Na sha yi mata tsiya cewa kai wa mutuniyar Kwoi citta daidai yake da kai wa Bafulatana nono, tunda ƙasarsu ce matattarar citta a Najeriya. Takan ce ba cittar take aikawa ba, so take ta san abin da ta bari yana nan da rai. Ranar sadakar ukun Inna, tsohuwar nan Maman 'yan biyu ta zo da sandarta, jikanta na riƙe da ita, ta zauna a cikin mata ta yi kukan da ya sa mu da muka fara haƙura muka koma sabo.

Lambun ya ga wahala iri-iri. Ambaliyar 2003 ta shafe shi ƙaf, ban da lemun tsami da lalle, Inna kuma ta tayar da shi daga kwalabenta da ta rataye a rufin ɗaki. A waɗannan shekarun ne masaku suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, Baba ya dawo gida zama yana jiran haƙƙinsa da bai zo ba har ya koma ga Allah, kuma a lokacin ne na ga ganyen da na rena yana riƙe gida: faten tsaki da yakuwa da gauta, danbu da rama, kwaɗon zogale, da ɗan abin da ake samu idan an kai lalle da lemun tsami kasuwa. A 2016, da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa, tokar Inna da dogon yaronta ba su yi aiki ba, domin tsutsar cikin ganye take shiga ta ɓuya. Ta tumɓuke nata duka ta ƙona, ta buɗe buhun kauɗar da ta shanya tun rani ta yi ta rabawa. Sai kuma kullen korona na 2020, wanda a Kaduna ya fara a ƙarshen Maris ya kai har Yuni, azumi ya faɗo a tsakiyarsa. An rufe kasuwanni, masu neman na yau da gobe suka rasa mafita. A watannin nan zogalen gidanmu bai taɓa yin tsawon da ya saba ba, saboda kullum ana rage wa Inna shi, kuma ita da ke da shekaru a lokacin ta koma shuka alayyafo fangali bayan fangali, don shi ne ke isa yanka cikin 'yan makonni.

Da ciwo ya kwantar da ita, ta ƙi yarda a bar ta a ɗakin ciki. Muka mayar da gadonta kusa da taga mai kallon dagin fulawa, daga nan take ba ni umarni, wane fangali za a huta da shi, wace gwanda ta isa cira. Wani dare ina shafa mata man zafi a ƙafa, na ga idan ban faɗa yanzu ba, ba zan ƙara samun dama ba. Na ce, "Inna, akwai abin da nake so ki yafe mini. Tumatirin nan na shekarar da aka kawo ni, da gangan na zuba masa ruwan wanki." Ta yi shiru har na ɗauka barci ya ɗauke ta, sai na ji tana dariya a hankali, dariyar da ta jawo mata tari. Ta ce, "Ai ina tsaye a tagar nan lokacin da kika ɗaga bahon. Yarinya ce ke, ga ciki, ga rana, an raba ki da gidanku an haɗa ki da guga. Ni ya kamata in nemi gafararki." Na kifa kaina a gefen katifar na yi kuka, tana dafa ni tana cewa in tashi kada yara su ji. Kwana tara bayan haka ta cika, da asuba, da kalmar shahada a bakinta. Allah Ya gafarta mata, Ya sa kowane ganye da aka ci daga hannunta ya zama nauyi a mizaninta.

Da aka zo rabon gado, bayan gidan ya faɗo a kason maigidana da ƙaninsa. Ƙanin ya gina ɗakunan haya biyu a nasa, ban kuma ga laifinsa ba, yana da iyali, kuma dama tun asali don gini aka bar wurin. Gwaiba ta tafi, fangali huɗu suka tafi. Abin da ya rage a hannuna shi ne fangali biyu, da lemun tsami, da layin zogale ɗaya, da dagin da har yanzu ban iya cika shi yadda take yi ba. Na'a-na'ar bakin rijiya ta mutu a hannuna a bazarar da ta wuce, sai wata mata daga can ƙasan layi, wadda ban ma san Inna ta taɓa ba ta dashe ba, ta kawo mini cikin gwangwanin madara. Kwalaben iri suna nan guda 31, kuma da yake ajamina bai da ƙarfi, 'yata ta biyu da ke Islamiyya ce ke karanta mini su.

Shekaranjiya da hantsi wani yaro ya yi sallama a zaure, ya ce wai mamarsa tana gaida mutanen gidan Inna, a taimaka mata da ɗoɗɗoya, jaririnsu ne ba ya jin daɗi. Na tsinko masa, na tambaye shi ɗan gidan wa ne, ya faɗa mini. Na san gidan, na kuma san mijin ya kwana biyu ba ya fita aiki. Na ce ya gaya wa mamarsa, idan ta sami sarari da yamma, don Allah ta zo ta rage mini zogale.